Dodo, Maye da Kabari: Tsoro da Rashi a Adabin Hausa

Masu nazarin adabi sukan ɗauki labarin ban tsoro a matsayin abin yara, ko kuwa baƙon abu da ya shigo ƙasar Hausa ta hanyar littattafan Turawa da sinima. Duka biyu kuskure ne. Wanda ya tashi a Limawa ko Garu a cikin Dutse kafin garin ya zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991 ya san akwai tsamiyar da ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana, da kogon dutsen da ba a leƙawa, kuma kowane ɗayansu yana da labarinsa. Abin da wannan lacca take son nunawa shi ne, akasarin waɗannan labarai maganar rashi suke yi, wato mutuwar ɗa ko ta miji ko gushewar hankali, a cikin al'ummar da ta taƙaita wa mutum hanyoyin faɗin baƙin cikinsa a fili.

Dole a fara da wannan taƙaitawa. Addini bai hana hawaye ba, amma ya hana kururuwa da yage tufafi a kan mamaci. Al'ada kuma ta ƙara da kunya: matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari yana raye, ba za ta zauna tana ambatonsa bayan ya rasu ba. Duk wanda ya zo gaisuwa haƙuri zai ba ta, ita kuma ta amsa da godiya ga Allah. In an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ko an fita takaba bayan wata 4 da kwana 10, to a idon jama'a magana ta ƙare. A zuci kuwa ba ta ƙare ba, sai ta nemi wata ƙofa. Ɗaya daga cikin ƙofofin ita ce tatsuniya, wadda mata ne suka fi yinta, da dare ake yinta, kuma tun daga buɗewa kowa ya amince ƙarya ce, saboda haka ba a kama mai yinta da laifin rashin dangana.

Akwai tatsuniyar bashin Dodo, wadda Tremearne ya kawo a littafinsa na 1913. Wata mai ciki ta je rafi, ta rasa mai aza mata tulu, sai Dodo ya fito ya aza mata, ita kuwa ta yi masa alkawarin abin da ke cikinta. Yarinya ta girma, uwa ta manta, ranar biki Dodo ya zo karɓar bashi. Aka ba shi dabbobi ya haɗiye, aka ba shi mutanen biki ya haɗiye, bai ƙoshi ba. Yaro yana jin wannan yana tsoron girman bakin Dodo. Amma uwar da ke ba da labarin wani abu take faɗi: an yi wa ɗa alkawarin mutuwa tun yana ciki, kuma ba dukiyar da za ta fanshe shi. Sai dai tatsuniya tana da jinƙan da duniya ba ta da shi, domin a ƙarshe an farke cikin Dodo, duk waɗanda ya haɗiye suka fito da ransu. Ta-Kitse ma haka take. Matar da ba ta haihuwa ta sami 'ya daga kitse, ta yi ta kaffa-kaffa da ita kada rana ko wuta ta taɓa ta, amma da kishiyoyi suka tilasta mata aiki sai ta narke. Da wuya a sami hoton da ya fi wannan dacewa da zuciyar mace mai wabi, wadda take sa wa jaririnta Ajuji ko Ayashe don mutuwa ta ɗauka ba a damu da shi ba. Yarabawa suna kiran irin wannan ɗa abiku, kuma Wole Soyinka da J. P. Clark kowannensu ya yi masa waƙa da Ingilishi.

A nan ya kamata a lura da wani bambanci. A labaran Ingila da Amurka fatalwa ce sarauniya, wato mamacin da ya dawo don yana bin rayayyu wani hakki. Bahaushe ya san fatalwa, amma ba ta yi ƙarfi a adabinsa ba, saboda malamai sun daɗe da yanke hukunci cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, abin da aka gani aljani ne ya ari siffarsa. Da aka toshe wannan hanya sai tsoro ya rabu zuwa wurare uku: aljani, da maye, da kabari.

Aljani shi ke ɗaukar alhakin abin da ya faɗa wa mutum ba zato, musamman taɓin hankali. Masu bori sun tsara wa iskoki birni guda, Jangare, da sarakuna da fadawa, kowane iska da cutar da yake sawa, kamar Inna da ake danganta wa shanyewar jiki. Amfanin wannan tsari ga majinyaci shi ne ciwonsa ya sami suna, kuma ba laifinsa ba ne. Maye kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan ne labari yake zama haɗari. Aljani ba a iya kama shi, amma maye maƙwabci ne. In yaro ya yi zazzaɓi yana sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama kurwarsa, a taru a tilasta mata ta tsallaka shi, wani lokaci har da duka. Sau da yawa wadda ake zargi gwauruwa ce matalauciya da ba ta da mai tsaya mata. Ma'aikacin lafiya ko alƙali ko malamin makarantar da aka tura ƙauye zai gamu da wannan, kuma ba zai kashe wutar da cewa jahilci ne ba, sai ya gane mutanen suna neman wanda za su tuhuma ne a kan mutuwar da ta fi ƙarfinsu.

Kabari kuwa rabon rubutacciyar waƙa ne. Waƙoƙin wa'azi irin su Baƙin Mari da Jan Mari, waɗanda Mervyn Hiskett ya yi nazari a littafinsa na 1975, da Imfiraji ta Aliyu Namangi, sun siffanta fitar rai da kaɗaicin kabari da tambayar Munkar da Nakir da azabar wuta filla-filla, ta yadda ba wani marubucin ban tsoro da zai nuna musu gwaninta. Bambancin shi ne mai sauraro bai ɗauke su ƙage ba, kuma manufarsu tuba ce. Ta ɗaya gefen akwai marsiyya. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ta yi wa ƙawarta A'isha, kuma a cikinsu ta yarda ta nuna zafin rashi ƙarara, abin da ba a saba ji daga bakin mace mai matsayinta ba. Amma marsiyya ta manya ce, sarakuna da malamai. Jaririn talaka ba a yi masa.

Ƙagaggun labarai na boko sun gaji aljanu, amma ba su gaji tsoron ba. A Ruwan Bagaja da Ganɗoki, waɗanda suka fito daga gasar 1933, aljani abokin tafiya ne ko abokin gaba, mai karatu yana sha'awa ko dariya. Abin mamaki, littafin da ya fi sauran tayar da hankali a gasar ba aljani ya dogara da shi ba: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta bi sawun ɗanta da aka sace har ita ma ta faɗa bauta, ta ƙetare Sahara, ta gan shi, ta rasu. Littattafan kasuwar Kano tun daga shekarun 1980, da waɗanda matasa ke karantawa a waya, cike suke da matsafa da ƙungiyoyin asiri, sai dai da yawansu jini suke tarawa, ba wanda aka rasa a ciki da mai karatu zai yi kewa. Mary Shelley ta binne jaririyarta a 1815 kafin ta rubuta Frankenstein, labarin mai son rayar da matacce, wanda ya fito a 1818.

Ƙasar Jigawa ba ta rasa abin rubutawa ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ratsa ƙasar Kano, wadda Dutse take cikinta a lokacin, abin da ya fi wanzuwa daga gare ta a bakin jama'a kuwa sunanta ne. Ambaliyar 2022 ta ci garuruwa a yankin Ringim da Haɗeja. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗibar man da ke zuba, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka mutu, aka binne da yawansu a kabari guda saboda ba a iya gane su. A irin wannan mutuwa uwa ba ta ga fuskar ɗanta ba, ba ta kuma san daidai inda yake kwance ba, ga kunyar abin da ya kai shi wurin ta hana ta magana. Dutse tana da jami'ar tarayya tun 2011, Majiya kuwa tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, kuma matan da ke ba jikokinsu labari da dare a can suna nan da ransu.