Bangon da Ba Ya Riƙe Sirri

A Ingila, tun 2004, ƙa'idar gini ta tanadi a gwada sababbin gidajen da bango ɗaya ya raba kafin a tare a ciki. Ana kunna lasifika a ɗaki guda, sannan a auna ƙarar da ta ratsa ɗakin maƙwabci. Dole bangon ya tare aƙalla desibel 45.

Birnin Kudu da Gwaram na buƙatar irin wannan awo. Bangon ƙasa mai kauri kan haɗiye hirar ɗaki. Gidajen hayar yau kuwa bulo ne mai rami, inci shida, sau da yawa bangon ya tsaya iya silin, sama fili ƙarƙashin kwano. Kukan jariri, sirrin ma'aurata, duk a kunnen maƙwabci. Mafita ita ce magini ya kai bangon har kwano, ya yi filasta kowane gefe, ya toshe ramukan wayar lantarki.