Ko Ka Sani? Mintunan da Ke Raya Turbo ko Su Kashe Shi a Injin Dizal

Turbo na'ura ce da ake ɗaura wa inji daidai inda hayaƙi ke fitowa kafin ya shiga salansa. A cikinsa akwai fanka biyu a kan sandar ƙarfe ɗaya. Hayaƙi mai zafi ne ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga waje ta cusa wa inji. Da iska ta yawaita sai man gas ya ƙone sosai, ƙaramin inji ya ja kayan da a da sai babba. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. A yau kusan duk tirelar DAF ko MAN, da tifar Howo, da Hilux mai shan gas da ke bi ta Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu, Babaldu da Gwaram, da turbo take tafiya. Haka ma manyan taraktoci da janaretoci da yawa.

Sandar nan takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan motoci ma ta haura 200,000, alhali injin tirela da kansa da wuya ya wuce 2,500. A yawancin turbo ba boris ke riƙe da ita ba. Tana shawagi ne a kan wani siririn shafi na baƙin mai da famfon inji ke turowa, kuma wannan man ne ke kwashe zafin da ke taruwa a wurin. Saboda haka lafiyar turbo tana hannun baƙin mai, kuma lokaci biyu ne man ke gaza masa: sa'ad da aka tayar da inji da sa'ad da aka kashe shi.

Idan mota ta kwana, man yakan tsiyaye ya koma ƙasan inji. Da an murɗa makulli, famfo na bukatar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya kai shi turbo, wanda ke can nesa a ƙarshen siririn bututu. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa a kudancin Jigawa, man 15W-40 da manyan motoci ke amfani da shi yakan yi kauri da asuba, tafiyarsa ta ƙara nawa. Direban da ya taka totur a wannan lokacin, wai don mota ta wartsake, ya sa sandar gudu a kan busasshen ƙarfe ke nan. Ba ranar za ta lalace ba, amma kullum tana ɗan cinyewa.

Tsarin da ya dace ba shi da wuya. Motar da ke da hita, a jira fitilarta ta mutu kafin a tayar, domin injin dizal ba shi da fulogi, zafin matse iska ne ke kunna mansa. Bayan ta tashi a bar ta a silo, a ga fitilar mai ta ɗauke, a ƙara minti ɗaya zuwa uku. Tirela kam dole ta jira iskar birki ta cika, wannan jiran ma ya wadatar. Daga nan sai a kama hanya a hankali, ba tare da matsa wa inji ba, har allurar zafi ta hau wurinta, wajen digiri 80 zuwa 90.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su bar mota tana kuka rabin awa ana shan shayi. Injin dizal ba ya ɗumama da kyau a silo, sai yana aiki. Man gas da bai gama ƙonewa ba yakan wanke man da ke jikin silinda, ya zurara ya tsinka baƙin mai, ya bar dauɗa a bakin nozul. Ga asarar gas a kan tsadarsa. Akwai kuma al'adar cire tamostat da ta yaɗu a garejin ƙasar nan, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan kuskure ne. Injin da aka cire masa shi yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin safiya, kuma a wannan tsakanin ne ringi da silinda suka fi cinyewa.

Kashe inji ya fi tayar da shi haɗari, kuma nan ne aka fi sakaci. Tirelar da ta ɗauko buhunan riɗi ko gero daga kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ta yi ta ja da cikakken lodi, hayaƙin da ke dukan fankar turbo ɗinta yakan kai digiri 600 zuwa 700. Wani lokaci da dare har a ga ƙarfen ya yi ja. Muddin inji na aiki, mai na wucewa yana ɗauke zafin. Da direba ya faka a Birnin Kudu don salla ko cin abinci ya kashe nan take, famfo ya tsaya cak. Zafin da ke jikin ƙarfen bai tafi ko'ina ba, sai ya bi sanda ya gangaro inda ɗan ragowar mai yake kwance, ya dafa shi. Baƙin mai yakan ƙone tun zafi bai kai rabin wancan ba. Abin da ke saura shi ne baƙin gawayi mai tauri, kamar ƙanzon da ke kama gindin tukunya idan aka daina tuƙi wuta na ci. Gawayin nan yana kankare sandar, yana toshe hanyar mai, yana ɓata zoben da ke hana mai tsallakawa.

Mafi muni ita ce ɗabi'ar taka totur da ƙarfi sau ɗaya sannan a murɗe makulli. An gaje ta ne daga zamanin injinan da ba su da turbo, irin na yawancin tsofaffin manyan motoci 911, inda ba ta da wata babbar illa. A injin turbo kuwa, tana tayar da sandar zuwa gudu mai tsanani daidai lokacin da za a yanke mata mai.

Kamfanonin manyan injina irin su Cummins suna ba da shawarar a bar inji a silo minti 3 zuwa 5 bayan aiki mai nauyi. Wanda ya sassauta gudu tun daga shigowa gari ya riga ya yi rabin aikin, minti ɗaya ko biyu sun ishe shi. Sababbin ƙananan motoci da ruwan lagireto ke ratsa turbo ɗinsu sun fi haƙuri, duk da haka bayan doguwar tafiya a zafin Afrilu jiran yana da amfani. Taraktan da ya wuni yana huɗa da damina shi ya fi kowa bukata, domin aikinsa duka mai nauyi ne kuma ba ya samun iskar gudu. Janareta kuma a fara sauke masa lodi, ya yi 'yan mintuna babu kaya, sannan a kashe. Manya daga cikinsu suna da na'urar da ke yin haka da kanta.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Matatar iska da ta yage takan bar yashi ya riƙa gugar fankar gaba, wadda ta toshe kuma takan sa turbo ya zuƙo mai ta gefen zobe. Bayan juyen baƙin mai, ko idan mota ta yi makonni a ajiye, a ƙara mata lokaci a silo kafin a taɓa totur.

Turbo da ya fara gajiya yakan nuna alama: shuɗin hayaƙi a salansa, shan baƙin mai fiye da kima, kuka mai kama da jiniya, da rashin ƙarfi a hawa. Makanike yakan cire bututun iska ya girgiza sandar da yatsa, idan fanka tana taɓa bango to ta gama. Wannan ba gyaran da ake ɗagawa ba ne, domin man da ke tsallakawa zai iya shiga silinda inji ya riƙa ƙona shi kamar gas, ya yi ta gudu ko an zare makulli, sai an toshe masa iska ko an maƙure shi da babbar giya. Idan an sa sabon turbo, a wanke ko a sauya bututun da ke kai masa mai, a kuma ɗura masa mai da hannu kafin tayarwar farko.