Gogagge, Gwarzo da Tantiri: Kalmomin Wanda Wuya ta Horar a Ƙasar Gabi

Garin Gabi yana cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, kusa da iyakar Nijar da Nijeriya, a yankin da Gulbin Gabi ke ratsawa kafin ya zuba cikin tafkin Madarunfa, kuma tarihin wannan yanki ya ishi mai nazarin harshe misali game da yadda Bahaushe ke siffanta mutumin da ya sha wuya har ta horar da shi. Tun bayan da jihadin 1804 ya fitar da sarakunan Katsina daga birninsu, suka zo suka kafa sabuwar sarauta a Maraɗi, ƙasar ta zama fagen kai hari da ramuwa, musamman a zamanin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore. Yunwa kuma ta sha zuwa da sunayenta, daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973, da wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa 'Yar Buhari a 1984 saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta Nijeriya ta yi, har zuwa ƙarancin abincin 2005.

Kalmar da ta fi yawo a bakin 'yan jarida ita ce gogagge, siffa ce da aka gina daga aikatau goga, kamar yadda aka sami dafaffe daga dafa, wato abin da aikin ya riga ya auku a kansa ya kammala. Gogagge shi ne wanda al'amura suka yi ta gugarsa har gargadarsa ta tafi, kuma a nan ya bambanta da gwani ko ƙwararre, domin waɗannan biyu suna magana ne a kan iya aiki kawai, ta yadda saurayi ɗan shekara 20 zai iya zama gwanin gyaran babur, amma ba wanda zai kira shi gogagge. Turancin Ingila ya ɗauko irin wannan siffa daga katakon da aka ajiye ya bushe sarai kafin a yi aiki da shi, Faransanci kuwa daga kalmar yaƙi. Hausa ta fi karkata ga jiki da kwanakin duniya, shi ya sa ake cewa wane tsohon hannu ne, ko ya ga jiya ya ga yau.

A ƙauye ana gane irin wannan mutum tun kafin ya buɗe baki, domin tafin hannunsa ya yi kanta, wato fatar ta taurare saboda riƙon ƙotar hauya. Shi ne wanda idan an yi girbi yakan ƙidaya dammunan geron da ya zuba a rumbu, ya keɓe na iri, ya hana a taɓa wani kaso sai damina ta kankama, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Takwararsa ita ce tsohuwar da ta san yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinsu ya fita, da yadda ake kwaɗa tafasa ta riƙe cikin yara zuwa dare. Wannan sani ne ake nufi da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma abin lura ne cewa harshen ya fi wadata da kirarin maza, irin su namijin duniya da mazan jiya, alhali a shekarun yunwa mafi nauyin dabarar tsira yana hannun mata.

Gwarzo, barde da sadauki sun fito daga fagen fama, suna nuni ga ƙarfin zuciya a gaban haɗari, ko da mai su bai daɗe a duniya ba. Jurau kuwa shi ne mai jure wahala ba tare da raki ba, kuma yana kusa da haƙuri, ɗaya daga cikin halayen da manazarci Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki.

Sai dai Hausa ba ta ɗauki taurin da wuya ke bari a matsayin abin yabo a kowane hali ba, don haka ta ware wani rukuni na daban. Tantiri, taƙadari da ƙasurgumi duk sun goge, duk sun daina jin tsoro, amma gogewarsu ta tafi da kunya da tausayi, kuma riƙaƙƙe, wanda asalinsa abin da ya gama girma ne, idan aka jingina shi ga ɓarawo yana nufin wanda ya wuce gyara. Bambancin ya zama na yau da kullum a Gabi da ƙauyukan da ke kewaye da dajin Baban Rafi, inda tun wajen 2019 'yan bindiga ke tsallako iyaka suna kore shanu suna sace mutane don neman kuɗin fansa. Manomin da ya koma gonarsa bayan an kai hari da wanda ya kai harin duka sun saba da wuya, amma harshen ya ware wa kowannensu kalmominsa.

Inda ake bukatar hattara shi ne kalmar juriya, wadda ta zama ruwan dare a rahotannin hukumomi da ƙungiyoyin agaji idan ana maganar jihar Maraɗi. A bakin Bahaushe juriya yabo ne da ake yi wa mutum bayan an tabbatar ba shi da wata mafita, ba dalilin barinsa cikin halin da yake ciki ba ne. Marubucin da zai kira mutanen Gabi masu juriya ya kamata ya faɗi abin da suke jurewa, ya kuma ambaci wanda alhakin kawar da shi ke wuyansa.