Jan Tabo a Jikin Jariri: Wanne Ake Jira, Wanne Ake Gaggautawa?

Sau da yawa bayan an yi suna, uwa takan ga wani jan ɗigo ya ɓullo a fuskar jaririnta, kafin ta gama wankan jego ya yi tudu kamar nunannen tumatir. Sai magana ta yawaita a gida: wasu su ce kwaɗayin da uwa ta yi ne da ciki, wasu su ce a kira wanzami. To, mu sani babu laifin uwa, kuma aska ba maganinsa ba ce.

Likitoci suna kiran wannan tabo hemanjiyom. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka yi cunkoso a fata, kuma ya fi samun ƴaƴa mata da bakwaini. Yakan yi saurin girma a watanni 5 na farko, daga shekara 1 ya soma motsewa, galibi ya baje kafin shekara 10. Mafi yawansa haƙuri kaɗai yake bukata.

Amma akwai wanda ba a jira da shi: wanda ya fito kusa da ido, domin yana iya rufe shi ya raunana gani har abada, na hanci ko leɓe, na haɓa da wuya, mai iya taɓa numfashi, da wanda ya zama gyambo. Idan tabon ya kai 5 ko fiye, likita yakan duba hanta.

A shekarar 2008, likitoci a birnin Bordo na Faransa suka lura cewa propranolol, maganin zuciya da hawan jini, yana motsar da wannan tabo. A 2014 aka amince da na ruwa domin jarirai. An fi son a soma tsakanin sati 5 da wata 5, a sha kamar wata 6, tare da shan nono, domin yana iya rage sukarin jini. Likita ne kaɗai zai auna shi. Kada a ɗebi ƙwayar kaka a ba jika.

Akwai kuma iri na biyu, shimfiɗaɗɗe, ja mai duhu, wanda ake haihuwar yaro da shi. Wannan ba ya ɓacewa. Hasken leza yana dusashe shi, sai dai a baƙar fata yana bukatar gwani. Idan a goshi ko fatar ido yake, a duba ido da ƙwaƙwalwa, domin wani lokaci yakan zo da hawan ruwan ido ko farfaɗiya.

Tsaga da ƙonawa ba sa haifar da komai sai zubar jini da gyambo. Addininmu ya umurce mu da neman magani wajen masana, ya kuma hana mu izgili da halitta, saboda haka mu tsawata wa yara masu yi wa mai tabo laƙabi. Allah ya raya mana zuri'a cikin lafiya, amin.