Yadda ake auna robar danƙo don korar tsuntsaye

Idan hatsi ya fidda kai ya fara ɗaukar ido, manomi ba shi da sauran hutu. Daga Tibiri har Jiratawa, yara da manya suna wuni a gona suna korar tsuntsaye. Wanda ya fi ɓarna shi ne jan baki. Tsuntsu ɗaya yana cin wajen giram 10 na hatsi a rana. Ke nan tsuntsu 250 suna iya cinye tiya guda kafin rana ta faɗi. Jan baki kuwa dubbai yake tafiya.

Cikin kayan kora akwai gwangwani, da majajjawa, da danƙo. Danƙo ba shi da tsada: gwafar icce, ƴar fata, da roba biyu. Amma mutane da yawa suna yanka robar da ka, ba awo. Idan ta yi tsawo, harbi ba ya zuwa ko'ina. Idan ta yi gajarta, sai ta tsinke ta dawo wa mai ja a fuska. Ta haka yaro yake rasa ido.

Darasi daga masunta

A ƙasar Filifin da tsibiran tekun Fasifik, masunta suna yin bindigar kifi da icce, da tsinken ƙarfe, da roba. Suna nutsewa cikin ruwa su harbi kifi da ita. Masu wannan sana'a sukan auna nisan da robar za ta miƙe, su raba shi kamar gida uku. Kashi ɗaya shi ne tsawon robar. A tafkin Madarunfa ruwa yana da laka, ba a hangen kifi a ciki, shi ya sa raga da ƙugiya suka fi amfani. Amma lissafin nan nasu yana yi wa mai danƙo aiki.

Zaɓen roba

Robar cikin taya iri biyu ce. Akwai ta asali, wadda ake yi da ƙaron iccen roba. Ita ce mai miƙewa sosai, kuma tana komawa da sauri. Akwai ta haɗi, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1937. Ta fi riƙe iska, saboda haka yawancin robar taya ta yanzu ita ce, amma tana da nawa wajen komawa. Kafin a karɓi roba a hannun mai faci, a ja ta a saki. Wadda ta koma farat ɗaya ita ce ta danƙo. Wadda ta yi tsage-tsage idan an ja ta, ta tsufa, a bar ta.

Awo guda uku

1. Miƙewar roba. A yanki ɗan tsiri, a sa alama biyu, tsakaninsu santimita 10. A ja shi har ya fara tauri, kada a kai shi ƙarshe. A auna tsakanin alamomin. Idan 10 ta zama 30, robar tana miƙewa sau uku. Idan ta zama 40, sau huɗu.

2. Hannun mai harbi. Ya riƙe gwafa ya miƙe hannu. A auna da igiya daga bakin gwafa zuwa kumatunsa. Hannun yaro bai kai na babba ba, don haka kowa da awonsa.

3. Rabawa. A raba tsawon hannun da miƙewar robar. Misali: hannu santimita 72, roba mai miƙewa sau huɗu. 72 a raba gida 4, an samu 18. Idan sau uku take miƙewa, an samu 24. Wanda ba shi da ma'auni, ya ninka igiyar gida huɗu ko gida uku. Ninki ɗaya shi ne tsawon da ake nema. Sai a ƙara faɗin yatsa biyu a kowane baki don ɗauri.

Faɗi da yanka

Faɗin yatsa ɗaya ya isa. Roba mai faɗi ƙwarai tana gajiyar da hannu, kuma ba ta ƙara wa ƙaramin harsashi gudu. Robobin biyu su zama daidai a tsawo da faɗi, in ba haka ba harbi ya karkace. A yanka da almakashi mai kaifi, baki ya fita sumul. Daga ɗan tsagi ƙanƙane roba take fara yagewa. A kankare bakin gwafa ya yi santsi kafin a ɗaura.

Abin harbi

Laka ta fi dutse. A mulmula lakar gulbi ƙanana, a shanya ta bushe. Idan ta faɗa cikin karan hatsi takan fashe, tsuntsaye su tashi. Aikin danƙo a gona kora ne. A ƙyale shamuwa da balbela, domin su ne masu cinye fara.

A kula

Rana, da zafi, da man inji suna kashe roba. A ajiye danƙo a inuwa. Kowace safiya a duba robar, musamman wajen ɗauri. Wadda ta fara tsagewa a canza ta nan take. Kada a nuna danƙo wajen mutum ko dabba, ko da wasa. Iyaye su yi wa yara awon da kansu, kada su bar musu. Idan roba ko dutse ya bugi ido, kada a murza, kada a ɗiga komai a ciki. A rufe idon da tsabtataccen ƙyalle ba tare da dannawa ba, a tafi gidan likita a ranar.

Idan tsuntsaye sun yi yawa har sun fi ƙarfin kora, a gaya wa mai gari da malamin gona inda suke kwana.

Taya tana da faci, ido ba shi da faci. A auna kafin a yanka.