Gyaran Tsohuwar Mitar Awon Lantarki

Tsofaffin masu gyaran rediyo a Nassarawa ta Kano sun san mitar nan Avometer 8, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1951, aka daina a 2008. Idan ta ƙi aiki, ba a gaggawar kwance ta. Da farko akan danna maɓallin kariyarta, domin yakan tashi ya katse wuta idan ta yi yawa. Sannan a duba batir, don tsohonsa kan yi ruwa ya ci ƙarafan mazauninsa, sai an kankare. Amma mafi haɗari shi ne allurar da ta kauce daga sifiri, domin takan sa a jefar da lafiyayyen kayan rediyo. Maganinta, a kwantar da mitar, a murɗa ɗan sukurun fuskarta sannu a hankali.