Idan Aka Shafa wa Ma'aikaci Kashin Kaji

A shekarar 1999 Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta fara kafa wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a rassanta na ƙauyuka da unguwanni. Yawancin masu riƙe da rassan 'yan kwangila ne masu ƙaramin kanti, kusan kamar mai POS a unguwanninmu, kuma hukumar ta ɗauki cewa duk giɓin da ya bayyana a lissafi su za su cike shi daga aljihunsu. Ba a jima ba kwamfuta ta fara nuna ɓatan kuɗin da babu wanda ya taɓa su. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 a kotu bisa zargin sata ko murɗe lissafi. An ɗaure wasu, wasu sun rasa gidajensu, akwai ma waɗanda suka kashe kansu. Sai a Disambar 2019 Babbar Kotu a Landan ta tabbatar cewa manhajar na da kurakuran da ke iya haifar da giɓin ƙarya. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke mutum 39 a rana ɗaya, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ta soke ɗaruruwan hukunce-hukuncen da suka rage.

Mun saba cewa gaskiya dokin ƙarfe ce, ramin ƙarya kuma ƙurarre. Haka ne, sai dai karin maganar bai faɗi tsawon tafiyar ba, ga shi a nan ta ci shekara 25, wasu har suka mutu da sunan ɓarayi. A wurin aiki gaskiyar mutum ba ta tashi da kanta ta yi magana a gaban kwamitin ladabtarwa, sai da abin da za ta dafa. Abin takaicin shi ne mai gaskiya ya fi ɓarawo zama babu shiri. Ɓarawo ya san ranar tuhuma na nan tafe, don haka rasidinsa a jere suke, shaidunsa a tanade. Mai gaskiya bai taɓa kawo ranar a ransa ba. In ta zo sai ka ga ba shi da abin nunawa sai rantsuwa da hawaye, waɗanda ɓarawon ma ya iya su, ya ma fi shi iyawa.

Mutum biyu daga cikin waɗanda abin ya shafa sun isa misali. Jo Hamilton, mai riƙe da reshen wani ƙauye a kudancin Ingila, ta kira layin taimako na hukumar kan giɓin fam 2,000, ta bi umarnin da aka ba ta, giɓin ya ninka a kan idonta. Tsoro ya sa ta riƙa cikewa, har ta jinginar da gidanta, daga baya ta riƙa sa hannu a kan lissafin da ta san bai daidaita ba, tana fatan abin zai gyaru. Da aka tuhume ta da satar kusan fam 36,000, wannan sa hannun ne ya zama igiyar ɗaure ta: ta amsa laifin murɗe lissafi domin a janye tuhumar sata, alhali mai binciken hukumar da kansa bai sami shaidar sata ba. Alan Bates, a arewacin Wales, ya ƙi sa hannu a kan lissafin da bai iya tantancewa ba, ya riƙa rubuta wa hukumar wasiƙu yana neman a nuna masa inda kuɗin suka shiga, yana kuma adana kwafinsu. An soke kwangilarsa a 2003, ya yi asarar jarinsa, amma ba a iya maka shi kotu da sunan ɓarawo ba. Dukansu biyu masu gaskiya ne. Bambancinsu abin da kowanne ya yarda ya sa wa hannu.

Wannan darasi bai tsaya a Birtaniya ba, domin ƙofofin da sharri ke shigowa ta cikinsu iri ɗaya ne ko'ina, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar tsagar ita ce umarnin baki. Mai gida ya leƙo ya ce wa akawu ya fitar da kuɗi za a kawo bauca gobe, ko ya ce wa mai sito ya ba direba buhu 20 takarda na biyowa. Goben ba ta zuwa, ranar da mai binciken kuɗi ya iso kuma sa hannun ƙaramin ne a kan littafi. Sai karɓar aiki ba tare da takardar miƙa aiki ba, inda sabon zuwa ke gadon giɓin wanda ya gabace shi, da ba wa abokin aiki lambar sirrin kwamfuta don kunya. Maganinsu tun ran gini ran zane: a ƙirga kaya gaban shaida ranar karɓa, a riƙe ɗan littafin kwanan wata, umarnin baki kuma a mayar da shi rubutu, ko da saƙon waya ne mai ladabi irin su, “Ranka ya daɗe, na fitar da abin da ka ce, ina jiran baucar.” Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya buɗe wa irin waɗannan saƙonni ƙofar shiga kotu idan an cika sharuɗɗansa. Iyaka dai mutum ya adana abin da yake da hurumin riƙewa, domin kwasar takardun sirri zuwa gida laifi ne mai zaman kansa.

Ƙorafi na farko, wani zai ce wannan ai zargi ne tun kafin a yi laifi, kuma ƙaramin da ke neman rubutu daga na gaba da shi rashin kunya yake yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don wasu shugabannin kan ji haushi. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka umarta da yin haka a tsakaninsu. Rubutu na kare mai bayarwa da mai karɓa daga mantuwa, da mutuwa, da canjin wurin aiki, kafin ma a zo maganar mugunta. Shugaban da ke da gaskiya babu abin da zai rasa in an rubuta umarninsa. Wanda ya fusata don an rubuta kuwa, ya faɗa wa yaronsa wani abin da ya kamata ya sani.

Idan tuhumar ta riga ta iso, kwanakin farko su ne masu haɗari, domin a nan ne ake tallata wa mutum hanyoyin “a rufa asiri”: ka biya kuɗin a kashe maganar, ka rubuta takardar ban haƙuri, ka ajiye aiki da kanka a sallame ka salin-alin. Kowacce daga cikinsu, in ta shiga fayil, amsa laifi ce. Dokokin aikin gwamnati a Najeriya sun tanadi a ba ma'aikaci takardar tuhuma a rubuce, a fayyace abin da ake zarginsa da shi da dokar da ya karya, in kuma laifin na iya kai wa ga kora, a nuna masa takardun da aka dogara da su. Wa'adin amsa gajere ne, sau da yawa kwana ɗaya zuwa uku, don haka a amsa cikin lokaci, batu bayan batu, da kwanan wata da adadi, babu zagi babu tonon silili, a kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi gaban waɗanda ba su da ra'ayi a maganar. A 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da tarzoma, daga cikin dalilanta har da cewa shugaban kwamitin binciken na cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Shari'ar ta ɗalibai ce, amma lauyoyi na kafa hujja da ita a rikicin ma'aikata. Wanda ya ga mai zarginsa zaune cikin masu yanke masa hukunci, ya faɗa a rubuce tun a zaman farko.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a zuciyar Bahaushe: na bar wa Allah. Haƙuri abin yabo ne, sai dai barin wa Allah sakayya daban, barin ƙarya ta zauna a fayil daban. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya musanta ƙazafin da aka yi masa nan take, shaidar da ta tsaya masa kuwa ta zahiri ce, rigar da ta yage ta baya. Da sarki ya aiko a fito da shi daga kurkuku, bai fito ba sai da aka koma aka binciki maganar matan, aka wanke shi a bainar jama'a, sannan ya karɓi riƙon taskokin ƙasa. Saboda haka wanda bincike ya wanke ya nemi takardar wankewa ta shiga fayil ɗinsa, a mayar masa da rabin albashin da aka riƙe lokacin dakatarwa. Maganar baki ta “ai komai ya wuce” ba za ta bi shi wurin neman ƙarin girma ko sabon aiki ba.

Ƙorafi na uku kuwa dole a sallama masa rabi: faɗa da mai ƙarfi akwai tsada. Masu rassan da suka kai hukumar ƙara kan Horizon sun sami diyyar fam miliyan 58 a sulhun 2019, amma kuɗin shari'a ya lashe mafi yawa, abin da ya rage kusan miliyan 12 ne a raba wa ɗaruruwa. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa a Najeriya, wanda ba shi da kariyar ma'aikacin gwamnati, yana iya yin komai daidai a kore shi. Duk da haka wanda aka kora babu tabon sata gobe zai sami mai ba shi amanar kanti, wanda ya amsa satar da bai yi ba kuwa, har 'ya'yansa za a yi wa gori. Hanyoyi ma ba su toshe ba. Akwai ƙungiyar ƙwadago, akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a 1975 wadda ba ta karɓar kuɗi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ɗaga ta zuwa matsayin babbar kotu. Ƙarar ɓata suna na nan, sashe na 391 da 392 na dokar Final Kod sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, amma ita ce ta ƙarshe, kuma wuƙa ce mai baki biyu: wanda ya huce fushinsa a Facebook yana kiran sunaye, shi ma za ta iya yankarsa.

Abin da ya fi karya masu rassan gidan waya shi ne yadda aka riƙa ce wa kowannensu shi kaɗai ne ke da matsala da manhajar. Kunya ta sa kowa ya yi gum da bakinsa, har a gaban iyalinsa. Giɓin da ya faɗa wa mutum ɗaya ana iya kiransa sata, amma in iri ɗaya ya bayyana a hannun mutum 10 da ba su san juna ba, tambaya ta koma kan tsarin. A 2009 Bates ya kira taro a ɗakin taron wani ƙauye mai suna Fenny Compton a tsakiyar Ingila. 'Yan kaɗan ne suka zo, kowa da kwalin takardunsa, suka baje su aka gwada. Daga wannan zama ƙungiyarsu ta samo asali, da aka je kotu kuma sun kai mutum 555.